Kwaɗo a Waya, Shaidu a Zaure

Ƙauran Namoda,
Litinin.

Zuwa ga mahaifina, Malam Maccido Maƙeri, Tungar Gawo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da neman albarka, Baba, ina fata kana lafiya, da ƙanwata Asma'u da 'ya'yanta. Mu nan lafiya lau. Matata Hafsat tana gaishe ka, ta ce yaya ƙafa.

Wannan ita ce takarda ta ƙarshe da zan ba wani ya kawo maka a hannu. Ka san abin da ya sami wadda ta gabata. An tare motar Imrana direba tsakanin Zurmi da Dauran, aka zazzage jakarsa, wani mai bindiga ya buɗe takardar ya karanta a gaban fasinjoji. Allah ya sa gaisuwa ce kawai da maganar taki. Kiran waya kuma, Baba, ka gafarce ni, tun da kunnenka ya yi nauyi, in kana magana da ni har bakin masallaci ana jin ka. Shi ya sa na ba Imrana wata waya ya kawo.

Asma'u, daga nan maganar taki ce. Na zuba manhajar imel a ciki, amma ban gama saita ta ba, don in an ƙwace ta a hanya su tarar da fanko. Ki hau tudun bayan makarantarku inda sabis ke kamawa. Ki sa adireshin nan da na buɗe miki lokacin neman aikin koyarwa. In ta tambaye ki yadda za ta riƙa fitar da saƙo, kada ki taɓa zaɓin da ya ce babu kariya. Ki zaɓi TLS, a wurin lamba ki sa 465. Wannan shi ke rufe saƙo yana kan hanya, amma bai isa ba. Ki shiga saiti ki ce ta ƙera miki makulli. Biyu za ta ƙera. Ɗaya ki turo mini, ko duniya ta gan shi ba komai. Ɗayan yana zama cikin wayar, kalmar sirri ke tsaronsa. Ki zaɓi doguwar kalma da kanki, ban da sunan 'ya'yanki, kada ki rubuta ta ko'ina, ko ni kada ki faɗa mini. Nawa makullin na riga na sa miki. Duk saƙon da ba ki ga ɗan kwaɗo a rufe a samansa ba, kada ki aika. Wanda na aiko kuma, ki karanta wa Baba ki goge.

Baba, kai maƙeri ne, ka fi ni sanin kwaɗo. Wannan kwaɗon, guduma ba ta fasa shi. Abu ɗaya nake roƙo. In za ka aiko mini da magana, ku shiga ɗaki kai da Asma'u, ka sassauta murya.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.
Ɗanka,
Armiya'u.

*

Tungar Gawo, ƙasar Zurmi.

Daga Maccido Maƙeri zuwa ga ɗana Armiya'u. Ni ke faɗi, Asma'u ke rubutu, kuma na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mani baki irin na 'yan boko.

Wa alaikumus salam. Allah shi yi maka albarka kai da iyalinka. Ka gaya ma Hafsat ƙafa tana nan inda take.

Abinka ya iso. Ƙanwarka ta yini bisa tudu tana latse-latse kamar mai tsintar tsakuwa cikin gero, ta sauko ta ce an ƙera makulli. Na ce a nuna mani. Ta nuna mani wani ɗan zane da bai kai ƙwayar wake ba. Armiya'u, rabin rumbunan garin ga ni na ƙera ma sarƙa. Kwaɗon da ba ni iya jin nauyinshi a tafin hannuna, ban san mi zan ce da shi ba. Amma ka ce shina tsaro, to, na ji.

Maganar shiga ɗaki ce ban ji ba. Ni ban taɓa yin magana a ƙuryar ɗaki ba sai da uwarka, Allah shi jiƙanta. Duk abin da na sani na garin ga, a zaure na ji shi, gaban mutane. In anka yi rigimar iyakar gona ni ake kira, ba don na fi kowa wayo ba, don na riƙe wa da wa ke tsaye ranar da anka kafa dutsen. Abin da anka yi ba shaida, ranar da mai shi ya mutu shi ma an binne shi. Yau dai na shiga ɗakin don ta matsa mani, ga ni zaune bisa gadon 'ya'yanta kamar mai jinya.

Labarin gari ba daɗi. Gero ya rufe mutum, kuma ka san abin da tsawon gero ke nufi yanzu. Gonakin fadama mun bar su. Maƙera ta yi sanyi, ba mai kawo garma, sai yaran nan 'yan sa-kai masu son in gyara musu bindigar gida. Na ce ubana bai koya mani wannan ba. Sun daina gaishe ni.

Wanda ke cikin raina shi ne Tukur. Tun kafin shuka ban sa shi a ido ba. Kai ba ka riƙe shi sosai ba, shi ne Bafillacen da ya riƙa kawo maka kindirmo sa'ad da ka yi ƙyanda. Bari in gaya maka ko wane ne shi a gidan ga, tunda ba ka taɓa zama ka ji ba. Shekarar babban fari, ubana ya buɗe ma uban Tukur rumbu. Da fari ya wuce, annoba ta kwantar da ubana, uban Tukur ya kawo saniyar tatsa ya ɗaure a garkenmu har munka miƙe. Bayan nan sunka zauna a zauren nan sunka yi alkawari, gidan wanga gidan wancan ne, har jikoki. Shaidunsu biyu, uban Liman na yanzu da uban Dalhatu maƙwabcinmu.

Da, in Tukur ya leƙo maƙera sai ya ce, "Ina bawan nan nawa?" In ce, "Ga ubangidanka, mai bin wutsiyar sa." Yanzu na daji sun kwashe mashi shanu suna ce mashi ɗan leƙen asirin gari, na gari sun hana shi kasuwar Shinkafi suna ce mashi ɗan daji. Ban san ko shina da rai ba.

Ka riƙe salla. Ka gaida jikokina.
Ubanka.

*

Ƙauran Namoda,
Laraba.

Baba, assalamu alaikum, ina gaisuwa.

Saƙo ya iso a rufe, na buɗe shi da makullina, ba wanda ya taɓa shi a hanya. Asma'u, kin yi daidai, Allah ya yi miki albarka.

Na tuna Baffa Tukur. Shi ya sassaƙa mini sandar kiwo 'yar ƙarama, Inna ta ƙwace don na fasa mata tulu da ita. In ka ji labarinsa ka sanar da ni, amma ta nan kawai. Kuma Baba, gadon yara bai kashe kowa ba. Ka ci gaba da shiga ɗakin.

Na bar ka lafiya.
Armiya'u.

*

Tungar Gawo.

Armiya'u, sallama da albarka. Ka natsu ka karanta wagga, ba ta gaisuwa ba ce.

Jiya bayan azahar ana yayyafi wani tsoho ya shigo maƙera da rigar Hausawa, ya rufe rabin fuska da rawani, da karyayyen lauje a hannu. Ban ɗaga kai ba. Sai na ji ya ce, "Bawa, ba ka gaida ubangidanka?"

Na ce, "Wa ya ara maka riga, kai da ba ka san hanyar wanki ba?"

Ya yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Ya rame, Armiya'u. Wuyanshi kamar ƙotar fartanya. Na riƙa dukan laujen don kada masu wucewa su tsaya, shi kuma shina magana kusa da kunnena mai ji.

Ɗanshi ya mutu bara, ba a ma ba su gawa ba. Saura shi da matarshi Iyatu da jikoki uku. Yaran daji sun zo rugarsu sun ce bayan girbi za su ɗauki babban jikan su ba shi bindiga. Yaron ko gemun akuya bai iya riƙewa ba. Sun karɓe wayoyin rugar duka. In sunka ji shina shirin fita, sun kashe shi. In 'yan sa-kai sunka gan shi bisa hanya, sun kashe shi.

Ya ce, "Ni na gama, Maccido. Yaran nake ji. Na zo karɓar abin da ubanka ya ajiye ma ubana."

Na ce, "Shina nan, ba a taɓa shi ba."

Ga abin da munka shirya. Ranar Alhamis mai zuwa, ranar da motoci ke yawa don kasuwar Shinkafi, zai kawo su Rijiyar Maƙera da hantsi. Ita ce tsohuwar rijiyar da ubana ya haƙa bakin burtali, mota na isa gare ta daga titi. Ka turo Imrana shi ɗauke su shi kai maka Ƙaura. Ka sauke su a gidanka har mu ga abin da Allah zai yi. Daga yau zuwa Alhamis ba mai iya kai ma Tukur magana, ba shi kuma dawowa. Saboda haka kada motar ta saɓa.

Da zai tashi ya ce kada kowa shi ji. Na ce to. Bayan ya tafi na yi tunani. Na tsufa, ƙafar ga tana hawa sama. In na mutu kafin Alhamis, wa zai tilasta ka? Wa zai gaya ma garin ga cewa iyalin Tukur amanar gidanmu ce? Alkawarin da anka ƙulla gaban shaidu, gaban shaidu ake cika shi. Na aika anka kira Liman da Dalhatu, tunda iyayensu ne sunka shaida na farko. Su ba kowa ba ne, magadan shaida ne. Ga su nan zaune a zaure ina faɗin wagga takarda suna ji, don su shaida na ɗora maka ita. Sun ɗaga hannu sun yi fatiha.

Ƙanwarka tana ta hararata. Na ce ta rubuta har da hararar.

Allah shi ba ka ikon sauke nauyi.
Ubanka, Maccido.

*

Yaya Armiya'u, ina wuni. Ni ce Asma'u, Baba bai san na ƙara wannan ba. Ina kan tudu.

Na roƙe shi mu shiga ɗaki, ya ce wannan ba maganar ɗaki ba ce. A zaure ya faɗe ta, kuma ka san muryarsa. Sunan rijiyar sau biyu ya maimaita, don Liman bai ji da farko ba. Zauren ba ƙofa, mata na wucewa ɗibar ruwa.

Abin da ya fi damuna Baba Dalhatu ne. Shi mutumin kirki ne, ba na zarginsa. Amma ɗansa Fahad yana cikin 'yan sa-kai tun da aka kashe yayansa a gona, kuma tukunya ɗaya suke ci. Na faɗa wa Baba haka. Ya ce shi uban Dalhatu ya sani, bai san wani Fahad ba.

Ka san abin da ke raina game da mutanen daji tun da suka kashe mini mijina, baban Rumaisa'u. Amma Inna Iyatu ce ta tako da ƙafa daga ruga ta zauna da ni farkon takaba, lokacin da wasu dangin ma tsoron hanya ya hana su. Ba na son abin da zai same ta.

Kwaɗon yana rufe, Yaya, na duba kafin na aika. Sai dai ban san me ya rage da zai rufe ba.

Ka gaida Anti Hafsat.
Ƙanwarka.

*

Ƙauran Namoda,
Lahadi.

Baba, assalamu alaikum. Ka gafarce ni in na ɗaga murya a takarda.

Abu ɗaya na roƙe ka. Ban ce ka yarda da wayar ba, ban ce ka daina faɗa mata baƙar magana ba, na ce ka shiga ɗaki. Makullin da na sa yana tsare magana daga hannun Asma'u zuwa nawa. Ba ya tsare ta daga bakinka zuwa titi. Kuma da ka mutu, Allah ya kiyaye, da zan tura motar ko ba shaida. Ni ɗanka ne, ba abokin shari'arka ba.

Yanzu ba mu da yadda za mu sauya rana, tunda ba mai isa ga Baffa Tukur. In mota ba ta je ba, zai tsaya da yara a bakin rijiya. Na faɗa wa Imrana gaskiyar abin da ya faru, ya ce zai je in na shiga motar tare da shi. Zan shiga.

Ka kira Liman da Baba Dalhatu ka roƙe su su kama bakinsu, in ba a makara ba.

Ka yi mana addu'a.
Ɗanka,
Armiya'u.

*

Ƙauran Namoda,
Alhamis da yamma.

Baba, sallama.

Mun isa rijiyar da hantsi. Ba kowa. Imrana ya buɗe gaban mota kamar ta lalace, muka jira har rana ta take. Na zaga bayan rijiyar. Akwai sawun babura da yawa a cikin laka, sababbi. Akwai takalmin roba ƙafa ɗaya, da rawani a kan ƙaya. Ƙasar wurin ta jiƙe, kuma ba ruwa ba ne.

Na yi kira a hankali cikin geron, da sunan Inna Iyatu. Ba amsa. Muka ji ƙarar babur daga gabas, Imrana ya ce in ban shiga ba zai tafi ya bar ni. Na shiga.

Rawanin yana wurina. Ban san abin da zan ce maka ba, kuma gara kada in ce komai yau.

Armiya'u.

*

Tungar Gawo.

Armiya'u, Allah shi ba mu haƙuri. Saƙonka biyu sun iso tare, sabis ya ɗauke kwanaki. Asma'u ta karanta mani, na ce ta sake, ta sake.

Tukur ya rasu. Masu yankan ciyawa sunka tsince shi cikin gero, jifa ɗaya daga rijiyar. Ni na wanke shi. Ba ni gaya maka abin da na gani.

Wa ya yi, ban sani ba. Dalhatu ya zo ya durƙusa a maƙera shina kuka kamar mace ta mutu mashi. Ya ce Fahad kaɗai ya gaya ma, kuma don alheri, don yaran su san Tukur amanarmu ne su bar shi shi wuce. Fahad ya gaya ma shugabansu don shi ma shi sani. Daga nan maganar ta shiga teburin mai shayi. Fahad ya rantse da Alƙur'ani ba su je rijiyar ba, ya ce cikin masu shan shayin akwai mai kai ma daji labari. Wasu na cewa ƙarya yake. Babur ɗin wanga da na wancan sawunsu ɗaya.

Sai mutanen gari sunka ce ba a binne shi a maƙabartar gari. Na ce gefen gabas na maƙabartar nan mashekarin kakan Tukur ne, inda yake zama da shanunshi da damina, shi ya bar ma gari ita shekarar da anka rasa wurin binne mutane, kuma na faɗi waɗanda ke tsaye ranar. Na sa shi kusa da ubana. Wajen sallar gawa sahu ɗaya bai cika ba.

Yanzu ka ji sauran. Iyatu da jikokin suna da rai. Suna cikin gidan ga. Tukur bai kai su rijiyar ba, ya ɓoye su a wata tsohuwar bukkar gona ya ce shi fara dubawa. Da bai dawo ba, ta kwana biyu da su cikin gero, sannan ta biyo burtali ta shigo ta bayan gida, ƙaramar a goye, ƙafafunsu duk ƙaya.

Kafin la'asar gari ya ji. Samari sunka cika ƙofar gida da gora da bindigogi. Wani ya ce, "Tsoho, fito muna da 'yan leƙen asirin." Na ɗauko guduma na zauna bakin zaure. Ka san ba ni iya ɗaga ta sama da kafaɗa yanzu, su ma sun sani.

Sai Liman ya ratso su ya tsaya damana. Ya ce, "Ni shaida ne. Ubana shaida ne. Waɗannan amanar gidan ga ce, an ƙulla gabana." Dalhatu ya fito daga gidanshi ko hula babu, ya tsaya haguna, ya dubi Fahad cikin taron ya ce, "Bakina ya kashe mutum ɗaya. In za ka shiga, ta kaina za ka bi." Fahad ya sunkuyar da kai ya juya. Sauran sunka bi shi ɗaya ɗaya. Ba su yi nisa ba, suna gindin gawo har yanzu.

Na san abin da ka ƙi faɗi ranar Alhamis. Kana cewa shaiduna sunka kashe shi. Mai yiwuwa. Shaiduna kuma sunka tsaya bakin zaure sa'ad da wayarka ke cikin aljihun Asma'u. Na juya abin nan ta kowane gefe, ban iya auna shi ba.

Iyatu ba ta yi kuka gabana ba. Da na shiga yi mata gaisuwa ta ce, "Baban Armiya'u, wa ya sani ban da kai?" Na faɗa mata sunayen. Ta ce, "Ya ce maka kada kowa ya ji?" Na ce ya ce. Ta juya fuska ga bango. Tun ranar, in Asma'u ta kai mata tuwo tana ci, in ta ji ni na aiko, sai shi dawo.

Rawanin nan ka ajiye ma babban jikan.

Ubanka.

*

Ƙauran Namoda.

Baba, Allah ya jiƙan Baffa Tukur, ya ba ka haƙuri. Ba zan ƙara maganar da ta wuce ba.

Liman da Baba Dalhatu ba za su iya tsayuwa a ƙofarka kullum ba. Hafsat ta share wa Inna Iyatu da yaran ɗaki. Imrana ya ce shi ya gama, amma ya ba ni aron motar, ni zan tuƙa. Ka faɗi wuri da rana.

Ɗanka,
Armiya'u.

*

Armiya'u, sallama.

Ina ɗakin uwarka, ƙofa a rufe, bakina a kunnen Asma'u. Ta ce ko ita da ƙyar take ji na.

Ka tuna inda ka ɓatar da takalminka na salla, ni da kai munka ɓoye ma uwarka? Nan. Rana irin wadda ta rasu, cikin makon ga, sa'ad da munka fita da ita. Ni zan rako su da ƙafata, in ta kai ni.

Da safe bayan salla Liman ya ja ni gefe ya ce yaushe za a fitar da su. Na ce ban sani ba. Tun muna yara ban taɓa yi mashi ƙarya ba.

Wagga takarda ba ta da shaida. In na mutu kafin ranar, ba wanda zai tilasta ka, ba wanda zai san na ce maka komai.

Asma'u ta nuna mani ɗan kwaɗon. Ya rufe.

Ka zo.
Ubanka, Maccido.